Ƙiryar da Na Ɓoye a Itacen Jego

Makon jiya wasu samari biyu suka same ni a filin da nake sayar da itace, bayan kasuwar Batsari, suka ce suna so su shiga sana'ar. Na tambaye su abin da suka sani game da ita. Ɗayansu ya dubi tarin itacen, ya dube ni, ya ce, "Yaya Kabiru, ai itace itace ne. A saro, a faskara, a sayar." Na miƙa masa guntaye biyu, na ce ya nuna mini wanda zai tafasa rabin duro na ruwa, da wanda iyakarsa ya cika gida da hayaƙi. Ya juya su, ya shinshina, sannan ya zaɓi wanda ya fi kyan gani. Cediya ce. Saboda shi da ire-irensa na zauna na rubuta wannan.

Sana'ar gado ce a wurina. Ina ɗan shekara goma mahaifina ya fara zuwa da ni wannan fili. Na yi makaranta har jami'a, inda na karanci Hausa, amma babu hutun da ban dawo na riƙe gatari ba. Da na kammala, sai na tarar ciwon baya ya zaunar da Baba, filin ya koma hannuna. Har yanzu yakan zo da hantsi ya zauna a inuwa, yana gyara mini kurakuran da ban riga na yi ba.

Shekarata ta farko ban taɓa gatari ba. Aikina shi ne rarraba itace: marke nan, bagaruwa can, sabara gefe, ƙirya kuwa a lulluɓe ta. Baba yakan ɗauki guntaye biyu ya gwara su kusa da kunnena. Busasshe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ɗanye kuwa sai ka ji kamar an bugi buhun dusa. Ya koya mini cewa sabara tana kamawa nan da nan ta mutu nan da nan, marke yana ci a hankali ba tare da hayaƙi ba, ƙirya kuma tana barin garwashin da zai kai ka wani girkin. Ararrabi da cediya da ɗanya suna da girman jiki, amma ba su da wuta. Wanda ya sayar wa mai tuwo-tuwo da su sau ɗaya, ya yi sallama da ita.

Ranar da aka fara ba ni gatari, wani gungumen marke aka ajiye mini. Na ɗaga na sauke da dukkan ƙarfina, bakin gatarin ya maƙale, na murɗa, ƙota ta karye. Baba bai yi faɗa ba. Ya juya gungumen, ya nuna mini wata siririyar tsaga da rana ta yi masa, ya ce, "Ga inda yake so a bi. Kai kuma ka je ka buga masa a ƙulli." Ya kafa ƙarfen tsaga a wurin, ya buga guduma sau uku, gungumen ya rabe biyu. Ni kuma na wuni ina sassaƙa sabuwar ƙota da reshen aduwa. Kayan aikinmu ba su wuce haka ba: gatari babba da ƙarami, guduma, ƙarafan tsaga uku, da dutsen wasawa. In ƙota ta yi sako-sako saboda zafi, a jiƙa ta a ruwa ta kumbura. Wanda ya yi ganganci da wannan, wata rana bakin gatarinsa zai tashi ya sauka inda ba a aike shi ba.

Masu shayi da masu gidan burodi da maƙera duk abokan cinikinmu ne, amma ginshiƙin sana'ar nan su ne mazan da matansu ke da ciki. Kowa ya san mai jego takan yi wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, kuma itacen wankan yana wuyan miji. In haihuwar fari ce, matar takan koma gidan iyayenta goyon ciki, can za a kai itacen, a jera shi a ƙofar gida. Duk matar da ta zo barka sai ta wuce ta gabansa, kuma babu wadda ba ta auna shi da ido. Kafin a ga jariri, an riga an yanke wa ubansa hukunci.

Wahalar ita ce, mai jiran ɗan fari ba zai taɓa buɗe baki ya ce matarsa tana da ciki ba. Zai zo ya gaishe ka gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gona da jikin Baba, ya taɓa wannan gungume, ya shuri wancan, sannan ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi. Na sayar wa waɗannan abokai itace mai yawa, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Baba ya koya mini tambayoyi biyu da ba su kunyata kowa: "Kafin Sallah ake bukata ko bayanta?" da "A ina za a sauke?" Da zarar mutum ya ambaci unguwar surukansa yana kallon ƙasa, magana ta ƙare. Sai ka haɗa masa lodi yadda ya kamata, sabara ta kunnawa, marke da bagaruwa su zama jiki, ƙirya kaɗan saboda garwashi. In an je saukewa kuma, a jera masu kyau su fuskanci hanya.

Sai shekarar da daji ya rufe. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk mutumin yankin Ruma ya san lokacin da 'yan bindiga suka sa shiga daji neman itace ya zama sayar da rai. Masu kawo mana kaya a jakuna da amalanke suka daina zuwa, wasunsu ma suka baro ƙauyukansu suka dawo cikin gari. Marke ya ɓace daga fili. Muka koma sayar da rassan bedi, wato dogon-yaro, da aka sassabe a cikin gari, da itatuwan gona marasa ƙarfi, har da kara. Ƙirya ɗaya ta rage mana, tsohon tari da Baba ya lulluɓe da buhuna a bayan rumfa tun kafin abin ya ɓaci. Ya ce kada in taɓa ta sai bukata ta kai bukata.

A cikin wannan shekara Lawal tela ya zo. Matashi ne mai natsuwa, shagonsa yana kan hanyar tasha, aurensa bai cika shekara biyu ba. Matarsa Hauwa'u ta tafi goyon ciki wani ƙauye kusa da Safana, wurin gwaggonta da ta rene ta, wadda ake kira Gwaggo Abu. Lawal bai ce abokinsa ne ya aiko shi ba. Ya gaishe ni, ya wuce kai tsaye zuwa tarin da kowa yake gudu, ya dafa shi.

"Wannan nake so, Malam Kabiru. Ararrabi da cediya. A cika akori-kura."

Na ce, "Lawal, ga bedi nan busasshe, ya fi wannan nesa ba kusa ba."

"Na sani. Wannan ɗin dai."

"Ba shi da wuta fa. Sai dai ya gasa wa mutum ido."

"To, madalla," in ji shi. "A jera shi da tsawo yadda za a gani daga nesa."

Na fahimci abin nan take, ko kuwa in ce na ɗauka na fahimta. Shekara ce ta tsanani, ɗinki ya ja baya, ga yaro yana so ya fita kunyar surukai da tarin da ido zai gani. Na ce a raina ba za a yi haka a filin Baba ba. Bayan ya tafi, na je na yaye buhunan nan. Baba ya ɗaga kai daga inda yake zaune.

"Ina za ka da ita?"

"Haihuwar fari ce, Baba, kuma yaron ba shi da hali."

"Shi ya ce maka ba shi da hali?"

"Ai ba sai ya faɗa ba."

Baba ya ce, "To," ya koma kan goronsa. Na shimfiɗa ƙirya a ƙasan motar, na rufe ta da ararrabi, na gaya wa direba yadda zai jera, ƙirya a ƙasa ta ciki, sauran a sama. Na wuni ina jin na yi aikin lada.

Bayan mako biyu aka ce Hauwa'u ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace. Washegari da safe Lawal ya biyo ta fili a kan babur. Na yi masa barka, ya amsa yana kallon tayar babur ɗinsa, kamar yadda ya dace. Da na yi shiru a nan, da ban san yadda labarin zai ƙare ba. Amma alherin da aka ɓoye yana da ƙaiƙayi.

Na ce, "Ina fata Gwaggo ta ji daɗin ƙiryar."

"Wace ƙirya?"

"Wadda na sa maka a ƙasa. Kyauta ce, kada ka damu."

Lawal ya kashe babur. Ya ce, "Innalillahi. Malam Kabiru, ka kashe ni."

Ya laluba aljihu ya fito da katin awon ciki, wanda ya naɗe a leda. Ashe tun cikin yana wata biyar shi yake kai Hauwa'u awo da kansa, ya zauna a benci a waje, shi kaɗai namiji, 'yan acaba suna yi masa kirarin ungozoma. A can aka gano tana da hawan jini, ƙafafunta suna kumbura. Malamar asibiti ta kira shi ciki ta gaya masa, a gaban matarsa, cewa bayan haihuwa ban da tafasasshen ruwa, ban da kunun kanwa, domin zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Wanka da ruwa mai ɗumi ya wadatar.

Na ce, "To, me ya hana ka gaya wa Gwaggo Abu?"

Ya dube ni kamar na ce ya hau rufin masallaci ya yi rawa. "Ni? In tsaya gaban surukata in yi mata bayanin wankan matata? Ko sunan Hauwa'u ban taɓa kamawa a gabanta ba."

"Ita Hauwa'un fa?"

"Ta gwada. Gwaggo ta ce ita ta wanke mata sun fi a ƙirga, babu wadda ta mutu, kuma rakin 'yan zamani ne. Shi ya sa da na aika kayan kunu ban sa kanwa ba, na cika da tsamiya. Ruwan kuma na ce bari in aika itacen da ba zai iya tafasa shi ba."

Wato yaron nan ya zauna ya yi nazarin sana'ata, ya gano itacen da ya fi kowane lalaci, ya saya da gangan, ni kuma na bi bayansa na gyara masa. Na waiwaya wurin Baba. Sai ya nuna mini hanya da haɓa.

Na hau bayan Lawal muka kama hanyar Safana. A hanya muka shirya abin da zan faɗa: an yi kuskuren lodi, ƙiryar ta wani maƙeri ce, na zo in ware ta a mayar. Muna isa ƙofar gidan na san shirin ya rushe. An riga an wargaza jerin da direba ya yi, an raba shi kashi-kashi, ararrabi gefe, cediya gefe, ƙirya kuma a wuri mai inuwa, an ɗora mata tsohuwar tabarma. Ko Baba iyakar abin da zai yi ke nan. Tarin ƙiryar kuwa an fara taɓa shi.

Muka yi sallama muka shiga zaure. Lawal ya cire takalmi ya durƙusa a lungu, ya ba ƙofar cikin gida baya. Gwaggo Abu ta zo ta tsaya a bayan zanan da ya tare ƙofar, ba mu ganin komai sai ƙafafunta da bakin zanenta. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi barka. Sannan na karanto ƙaryata, da Hausa mai kyau.

"Kai ne mai itacen?" in ji ta. "Kai ne ɗan bokon da aka ce?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To, ɗan boko, wane maƙeri ne ke aje ƙiryarshi ƙarƙashin ararrabi? Tun randa aka sauke kayan ga nike mamaki. Sama itacen banza, ƙasa itacen sarauta. Na ce ko mai itacen ya taɓu, ko wanda ya aiko yana da magana a baki ya kasa hurtawa. Wanne ne?"

Na ce, "Gwaggo, duka biyun ne."

Ta yi dariya, amma gajeruwa. Ta ce, "In da magana a yi ta. Yau da safe na yi wa mai jegon wanka da garwashin ƙiryarka, tana fitowa jiri ya ɗebe ta, sai da na riƙe ta. Tana kwance tana haki. Na ce halan yunwa ce."

Na ga bayan rigar Lawal ya motsa. Ya ɗago kai, ba wajen zana ba, wajena, ya ɗaga murya yadda ko na waje zai ji.

"Malam Kabiru!"

"Na'am."

"Ka san abin da malamar asibiti ta gaya mini game da mutanen gidan nan?"

Na ce ban sani ba, alhali yanzun nan ya gaya mini. Sai ya zayyana mini komai: hawan jini, kumburin ƙafa, ruwa mai ɗumi kawai, ban da kanwa, kuma in aka ga jiri ko haki a kawo ta ba tare da jinkiri ba. Bai kama sunan kowa ba, bai kalli zana ba ko sau ɗaya. Ya miƙo mini katin, ni kuma na tura shi ta ƙarƙashin zana. Tsakaninsa da Gwaggo Abu bai fi taku uku ba.

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki katin. Sannan ta ce, "Mai itace."

"Na'am, Gwaggo."

"Ka tambayi wanda ke magana, shi da kanshi ya ji wannan, ko hira ce ta 'yan shago?"

Na juya na ce, "Lawal, an ce da kunnenka ka ji?"

"Ka ce da kunnena. Duk awon da aka yi ina wurin."

"Gwaggo, ya ce..."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Duk awon? Ita da ta hwaɗa mini, na ɗauka tsoron ruwan zafi ne, don kowace yarinya haka take cewa. To, ka gaya mashi shi sakarai ne. Ka ce ni Abu, ko da karan dawa aka kawo mini, sai na tafasa ruwa ya yi tsalle. Ararrabi ne zai hana ni? Da ka bar shi da dabararshi, da sai dai in sha hayaƙi, ita kuma ta sha wuta."

Na juya zan isar, Lawal ya ce, "Na ji."

"Ka kuma gaya mashi," in ji ta, muryarta ta sauka, "ni na rene ta tun ba ta iya ɗaura zane ba. Ba ni da wata sai ita. Ya je ya samo mota."

Lawal ya fita da gudu, takalmi a hannu. Kafin azahar an kai Hauwa'u asibiti a Safana, Gwaggo Abu tana riƙe da jaririya. Aka auna ta, jinin ya hau sosai, aka kwantar da ita kwana biyu, aka sallamo ta da magani kafin ranar suna. Daga nan har arba'in, Gwaggo da gwiwar hannunta take gwada ruwan, in ta kasa barin hannun a ciki, sai a surka. An ce matan unguwa sun yi ta magana, Gwaggo ta ce duk wadda ke son tafasasshe ta haifi tata ta kawo, za ta yi mata har da ƙari.

Ranar da aka tafi asibitin, ni aka bari a ƙofar gida. Kafin motar ta tashi na matsa na tambayi Gwaggo ko in sa a kwashe ƙiryar, tunda ba za a yi amfani da ita ba. Ta leƙo ta taga.

"Wace ƙirya? Ta maƙerin?"

"Gwaggo, ai kin san..."

"Abin da ya shigo gidan jego ba ya fita. Da ita za a tuƙa tuwon suna. Kuma kafin ka tafi ka mayar mini da jerin nan yadda yake, da tsawo, masu kyau su kalli hanya. Ba za a zo barka a raina mini suruki ba."

Na tuɓe riga na jera itacen nan ni kaɗai, a cikin rana, tsofaffin unguwa suna zaune suna gaya mini inda ya karkace. Da na dawo Batsari na ba Baba labari tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi ko tuwon zai isa a aiko masa, tunda dai da ƙiryarsa za a tuƙa. An aiko masa, a kwano mai murfi.

Samarin da suka zo makon jiya sun ce za su dawo bayan ranar kasuwa. In sun dawo, ba zan ba su gatari ba. Za su fara da rarraba itace da gwara guntaye a kunne, kamar yadda na fara. Zan koya musu tambayoyin Baba guda biyu, sannan in ƙara musu ta uku, wadda na samo a zauren Gwaggo Abu. Yanzu duk wanda ya zo ya ce abokinsa ne ya aiko shi, kafin in ɗora ko guntu ɗaya a mota, nakan ja shi bayan rumfa inda babu mai ji, in kalli ƙasa kamar yadda yake kallo, in ce, "Shi abokin naka, me aka gaya masa a wurin awo?"